Faifanku na farko da kamfanin waje: yaya ta kasance muku?

Ɗan Abzin

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa da masu sutudiyo. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni taka wannan hanya. Mu huɗu ne, jita biyu da bas, wato jita mai kaurin sauti, da ganguna, shekara shida muna kiɗan biki a Agadas da ƙauyukan kewaye. Ba mu taɓa shiga sutudiyo ba. Duk abin namu da ke yawo a wayoyin mutane ɗaukar biki ce, kana jin ƙugin janareta da guɗar mata a ciki. Makon jiya wani Bature mai ƙaramin kamfanin faifan rok ya turo mini saƙo ta WhatsApp, ya ce ya ji ɗaya daga ciki, yana so ya fitar mana da faifai. Ya aiko takarda shafi tara da Ingilishi, ni kuwa Faransanci da Hausa da Tamashek kawai nake ji. Ya ce akwai kuɗin kafin alƙalami. Abokaina sun matsa in sa hannu kafin ya canja ra'ayi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda tasa ta kasance, da daɗinta da ɗacinta.

Mai Bas na Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye alƙalamin tukuna. Ni na sa hannu, har yau ina cizon yatsa.

Muna kiɗa ne a wani wurin shaƙatawa a bakin kogi, wani mutum daga Turai ya zauna dare uku yana kallonmu, a na huɗu ya kira mu masaukinsa. Ya zube kuɗi a kan tebur, sefa sabbi fil ɗaure da roba. A lokacin matata na da ciki wata takwas, mai gida kuma yana bin mu hayar wata uku. Wallahi ban karanta komai ba, inda aka ja layi kawai na nema.

Sai daga baya na gane kuɗin nan ba kyauta ba ne. Ba za a zo gidanka a ce ka biya ba, amma kamfani zai fara cire shi daga rabonku, ya cire kuɗin sutudiyo, ya cire na buga faifai, kafin ku ga ko dala. Shekara uku muna tambaya ana ce mana lissafi bai cika ba, kuma babu layi ɗaya a takardar da ya tilasta masa ya nuna mana lissafin.

Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masta, wato asalin ɗaukar da ake buga kowane kwafi daga jikinta. Haƙƙi iri biyu ne a kowace waƙa da aka ɗauka, akwai na waƙar kanta, baitinta da karinta, akwai kuma na ɗaukar. Mu duka biyun muka sallama, kuma har abada. Wata rana ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa ya turo mini bidiyo, wani shirin talabijin ne a kan hamada, raƙuma na tafiya, a ƙarƙashi bas ɗina ne ke tashi. Na kunna shi ya fi sau goma a daren nan. Ko sunanmu ba a rubuta ba.

Saboda haka ka nemi wanda zai karanta maka ya duba ko haya ce ko sayarwa. In haya ce, ta shekara nawa, bayan nan masta ta dawo hannunku. Kuma kafin komai ku yi wa waƙoƙinku rajista a BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, da sunan wanda ya ƙirƙiri kowace. Mu ba mu yi ba, shi ya sa ko bakin magana ba mu da shi.

Injiniya Basakkwace

Yaya Mai Bas ya gama maganar takarda, ni bari in yi ta ɗaki, don nan ma ana asarar faifai.

Mu nan Sakkwato mun daɗe da sanin masu jitar Nijar. Faifan farko na Mdou Moctar, Anar, a garin nan aka ɗauke shi a 2008, da kayan da ake yi wa waƙoƙin fim ɗin Hausa aiki, ganga ta kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya. Daga nan waƙoƙin suka bi katin memori da bulutut suka ratsa Sahara, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Sai a 2019 Mdou ya fitar da faifan Ilana, wanda aka ɗauka da cikakkiyar ƙungiya a Detroit, a 2021 kuma ya fito ƙarƙashin kamfanin Matador. Ka lissafa shekarun da ke tsakani, ɗan'uwa, sha uku ne.

Tawa kuwa ga yadda ta kasance. Wasu samari suka zo mini daga Tawa da jitocinsu. Ɗakina ƙarami ne, soso da kwalin ƙwai a bango, makirfo ɗaya, fiyano da kwamfuta. Na yi musu yadda na saba yi wa mawaƙanmu, kowa ya shiga shi kaɗai, in sa masa abin kunne, na'ura tana buga masa ƙas, ƙas, ƙas ya bi. Kwana biyu muna abu ɗaya. Mai gangarsu sai ya fara daidai, kafin minti biyu ya tsere wa na'urar. Na yi ta tsayar da shi har ransa ya ɓaci, ya ce mini, Malam, a biki in rawa ta yi zafi kiɗa gudu yake ƙarawa, haka muka koya. Da na saurari abin da muka haɗa, komai daidai yake amma babu rai a ciki, kamar tuwon da ya kwana.

A dare na uku na aro makirfo huɗu, na fitar da su tsakar gida, na kai janareta bayan katanga da doguwar waya, na ce ku yi kamar gidan biki. Matan gidan suka fito suna tafi. Waƙa biyar muka ɗauka kafin asuba, kuma su ne suka shiga gari. Daga baya na ji faifan farko na Etran de l'Aïr, 'yan garinku, da ya fito a 2018, shi ma a waje aka ɗauke shi kai tsaye, na ce ashe ba ni kaɗai na gano haka ba.

In Baturen nan ya ce ku shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ka roƙe shi ya bar ku tare. Sannan ku shirya yanka waƙa. Gefe ɗaya na faifan garmaho minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, ku kuwa na san waƙa ɗaya kuna iya kai ta minti sha biyar. Gara ku zauna ku zaɓi inda za ku yanke da kanku, da wani ya yanke muku a ƙasar da ba ku nan.

Yaya Mai Tende

Sannunku. Ni mace ce, tende, kiɗan turmi na matan Buzaye, na gada wurin kakata, jita kuma a ɓoye na koye ta da ta wana, kamar yadda Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta koya da ta yayanta. Ganin an fitar da nasu faifan a 2016 ne ya sa mahaifina ya sassauta mini.

Abin da ya tsaya mini a wuya lokacin tawa ɗaukar wani gurbi ne a takarda, inda aka ce a rubuta wanda ya ƙirƙiri waƙa. Uku daga cikin waƙoƙin na kakata ne, ita ma wurin tata uwar ta ji su. Mai ɗaukar ya ce in sa sunana kawai, ya fi sauƙi. Na kwana ban yi barci ba. Da safe na je wurin tsohuwar, tana zaune tana kaɗa nono, na faɗa mata. Ta ce waƙar ta matan zangonmu ce duka, ba ta yarda mutum ɗaya ya ɗauke ta ba. Sai muka rubuta na gargajiya ne, ni na tsara su a jita. Matan da suka yi mini amshi da tafi su bakwai, na dage sai da aka rubuta sunan kowacce a bayan faifan, aka ba kowacce haƙƙinta a hannu ranar ɗauka.

Ƙanena, ku masu kiɗan biki rabin abin da kuke bugawa na wasu ne da suka riga ku. Ku tantance naku da na aro tun yanzu, kada faifai ya fito wani dattijo a Agadas ya ji waƙarsa da sunanka a kai.

Tsohon Makaɗi daga Damagaram

Yarana, duk na karanta, kuma gaskiya kuka faɗa. Amma ina tsoron kada ku tsorata yaron nan har ya bar abin gaba ɗaya, don ni ta wannan gefen aka cuce ni, kuma ni na cuci kaina.

Zamanin kaset wani ya aiko mana wasiƙa daga Turai yana so ya zo ya ɗauke mu. Muka yi ta shawara, wannan ya ce za a sace mana waƙa, wancan ya ce a jira wanda ya fi shi kuɗi. Wata shida ba mu ba da amsa ba. Da muka rubuta, shiru. Babu wanda ya sake zuwa. Mai jitarmu ya tafi Libiya neman kuɗi, mai waƙarmu Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Kaset ɗaya ya rage mini, ranar da na sa shi in kunna wa jikokina rediyon ya cinye zaren. Yau ba ni da abin da zan nuna in ce ga yadda muke kiɗa.

Ku dubi Bombino, mai jitar Agadas. Yana gudun hijira a Burkina Faso bayan tawayen Buzaye na 2007, Ron Wyman mai shirya fim ya bi sawunsa har can. Da ya ƙi yarda da baƙo, da babu faifan Agadez na 2011, da Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys bai kai shi Nashville sun yi faifan Nomad da ya fito a 2013 ba. Ƙungiyar Tal National ta Yamai kuma, da shugabansu Almeida alƙali ne, su da kansu suka kawo injiniya daga Shikago ya ɗauke su a Yamai, suna sayar da faifansu a shataletale, kafin kamfanin FatCat ya fitar da faifansu Kaani a duniya a 2013.

A karanta takarda, a gyara abin gyarawa, amma a ba mutumin amsa cikin makon nan. Ko cewa ka yi muna dubawa, ka ba mu kwana goma, ya san kana raye.

Direba a Beljiyam

Ni ba makaɗi ba ne, mota nake ja wa ƙungiyoyin gida in sun zo yawon kiɗa Turai, in yi musu tafinta. Abin da idona ya gani, faifai ƙofa yake buɗewa, abincin yana kan dandamali. Na sha tsayawa a teburin bakin ƙofa bayan wasa ina sayar da faifai da riguna, kuma sau da yawa cinikin daren nan ne ke cika mana tanki zuwa gari na gaba. Don haka ka tambaye shi kwafi nawa zai ba ku naku na kanku, kuma ko yana da mai nema muku wuraren wasa.

Ka tambayi wa zai biya biza da jirgi. Na taɓa jiran wata ƙungiya a filin jirgi, uku suka fito, mai gangarsu an hana shi biza, wasa shida aka yi da ɗan haya da bai san kiɗan ba. Sannan ku bar wa iyali abin da zai riƙe su fiye da kwanakin da kuka ƙiyasta. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya samu Mdou Moctar da mutanensa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida a lokacin da suka shirya.

Ɗan Abzin

Allah ya saka muku da alheri, iyayena da yayyena. Baba na Damagaram, a daren da na karanta naka na rubuta masa na nemi kwana goma, ya ce babu damuwa.

Na kai takardar wurin wani malamin Ingilishi na sakandare, muka zauna a shagon mai shayi daga la'asar har aka kira isha, yana karantawa yana fassara mini layi layi. Haya ce, Yaya Mai Bas, ta shekara bakwai, riba kuma rabi da rabi bayan an cire kashewa. Amma babu maganar nuna lissafi, kuma akwai wani layi da ya ba shi damar sayar wa masu fim ba tare da ya tambaye mu ba. Na ce a gyara waɗannan biyun, a ƙara kwafi namu. Ya yarda da lissafi sau biyu a shekara da kuma kwafin, na fim ɗin ya ce zai yi magana da abokin aikinsa. Yaya Mai Tende, mun zauna mun tantance, cikin tara da muka zaɓa biyu ba namu ba ne, gobe zan je gaida mai su in nemi izini.

Ba zai iya zuwa da kansa ba, ya ce mu ɗauka a nan mu tura masa. Injiniya, muna da ƙaramar na'urar ɗauka mai ramin makirfo huɗu da wani ya ba mu aro. Yaya zan raba su?

Injiniya Basakkwace

Ɗaya a bakin mai waƙa, ɗaya a saman ganguna kamar kamu biyu daga kan mai bugawa, ɗaya a tsakanin amfilifayar jitocin biyu ka juyo su suna kallonsa, na huɗu wa bas. Ku sa sabbin tsirkiya kwana biyu kafin ranar don su zauna. Ku fara bayan sha ɗayan dare in babura sun rage, kuma ka turo mini minti ɗaya na gwaji in saurara kafin ku ɗauki sauran.