Yara na ƙirga sifili a darasin sitandad fom, ina mafita?

Malamar JSS 2:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara kan koyar da rubuta cikakkun lambobi a sitandad fom, wato gajarta lamba a rubuta ta a matsayin wata lamba sau 10 mai ƙaramar lamba a samansa. Idan aka ba yara 5,000 sai su rubuta 5 × 10³ ba gargada. Da an ce 45,000 sai a ga 4.5 × 10³, wasu kuma 45 × 10³. Ta ina ya kamata a faro darasin?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Malama. Misalan farko ne ke jawo wannan. In aka buɗe darasi da 300 da 5,000 da 70,000, yaro zai ƙulla wa kansa doka cewa yawan sifili shi ne fawa, wato ƙaramar lambar da ke saman 10. Dokar tana tafiya daidai a waɗannan, sai ta karye a 45,000, domin sifili uku ne amma amsar 4.5 × 10⁴ ce.

Ki fara tabbatar sun gane 10³ na nufin 10 × 10 × 10, wato 1,000. Da yawa suna ɗaukarsa 30 ne, kuma wanda ke kan wannan ba abin da zai zauna masa daga baya. Sannan ki sa su rubuta matakin tsakiya a kowace tambaya: 45,000 = 4.5 × 10,000 = 4.5 × 10⁴. Sharaɗin kuwa a rubuta shi a gefen allo ya zauna har ƙarshen darasi: lambar da ke kafin alamar × ta kai 1, amma kada ta kai 10. Da shi za su ga cewa 45 × 10³ ya yi daidai a ƙima, sai dai bai cika sharaɗi ba.

Malama Mai Duba Jarrabawa:
Ni ban cika son a ce musu "matsar da ɗigo" tun farko ba, tunda cikakkiyar lamba ba ta nuna ɗigonta. Sai an nuna musu yana nan a ƙarshe, 45000.0, kafin maganar matsarwa ta yi ma'ana. Hanya mai sauƙi ita ce a sa ɗigo bayan lambar farko, a ƙirga duk lambobin da ke bayanta, har da sifili. 45,000 na da lambobi biyar, fawa 4 ke nan.

Inda maki ke zubewa sosai shi ne sifilin tsakiya. 3,070,000 sai su rubuta 3.7 × 10⁶, alhali 3.07 × 10⁶ ne. Sifilin ƙarshe kaɗai ake yarwa. Ki sa su mayar da amsar: 3.7 × 1,000,000 zai ba su 3,700,000, da kansu za su ga ba lambar da aka ba su ba ce.

Malamar JSS 2:
Na gode. To, lamba kamar 8 ko 10 fa?

Malamin Lissafi:
8 = 8 × 10⁰, domin 10⁰ ɗaya ne. Ki nuna ta hanyar rabawa da goma: 1,000, 100, 10, 1, fawa na sauka 3, 2, 1, 0. Goma kuwa 1 × 10¹ ce. Don aikin gida ki ba su nisan duniya da rana, kusan kilomita 150,000,000, wato 1.5 × 10⁸, da kuma 20,050.