Ranar da aka fara miƙo muku giyar kiraf, yaya ta kaya?

Ɗan Rukuba:
Jama'a barkanmu da war haka. Tambayata ga masu sha ce, waɗanda ba sa sha su yi mana afuwa. Da na je Legas ɗan yayata ya ja ni wurin Bature Brewery, wai lallai sai na ɗanɗana abin da suke kira kiraf, wato giyar da ƙananan masana'antu ke dafawa kaɗan-kaɗan. Aka jero mana ƙananan kofuna a kan katako, kowane da launinsa. Baƙar nan mai ƙanshin kofi, Black Gold, ta shige ni sosai. Abin da ya tsaya mini a rai maganar yaron ce. Ya dube ni ya ce, "Kawu, lagar kwalbar nan da kuke sha ai ruwa ce mai kumfa." Yaron da aka yi sunansa a gabana! Shi ne na ce bari in ji daga gare ku. Wanda aka taɓa miƙa wa irin wannan giya, a gida ko a waje, ya gaya mana yadda ya ji ta a baki da yadda masu ita suka ɗauke shi.

Saratu ta Beljiyam:
Yaya Ɗan Rukuba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni aikin jinya nake a Brussels, kuma a ƙasar nan giya ba abin wasa ba ce, har UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin kayan gadon duniya a 2016. Wata abokiyar aikina ta kai ni Cantillon, wani tsohon gidan dafa giya da ke unguwar Anderlecht tun 1900. Tun a hanya take ta jan kunnena: wai giyar tana da tsami, wai baƙi ba sa iya ta, wai kada in ji kunya idan na kasa shanyewa.

Aka hau da mu sama ta wani tsani na katako. A can ƙarƙashin rufi akwai wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe, marar zurfi. Idan sun gama dafa ruwan sha'ir da alkama sai su juye shi a ciki ya kwana a buɗe, iska na shiga ta kafofin rufin. Ba sa zuba yis ko kaɗan, abin da iska ta kawo shi ke kama ruwan. Saboda haka a watannin sanyi kawai suke dafawa. Daga nan sai gangunan katako, wata shekara ɗaya, wata har uku. Wannan ita ce lambic. Idan suka gauraya sabuwa da tsohuwa suka rufe a kwalba ta sake tashi, sai ta zama gueuze.

Da aka zuba mini na kai baki, wallahi Zonkwa na tuna. Tsamin nan mai kama gefen harshe, da ɗan warin ƙasa-ƙasa, shi ne na burukutun kakata idan ya kwana. Na shanye na miƙa kofi. Abokiyar tawa ta saki baki. Na ce mata a garinmu tsofaffin mata ke dafa 'yar uwar wannan, a ƙwarya ake sha, kuma mai takalmi mai tsada ba ya son a gan shi a wurin. A nan kuwa mutane daga Amurka da Japan ke yin layi da jakunkuna.

Bulus Chicago:
Ni tawa a wurin aiki ta fara. Ranar Juma'a bayan an tashi sai a nufi wata mashaya mai famfuna jere a bango, kowane da sunansa a rubuce da alli. Na nemi laga, irin wadda kowa ya sani. Mai sayarwar ya yi wani ɗan murmushi ya ce su ba sa ajiye irin waɗannan. Aka ba ni IPA. Ɗaci ne ya fara dukana, sai ƙanshin lemo da mangwaro ya biyo baya, alhali babu ɗan itace ko ɗaya a ciki. Duk aikin wani fure ne da ake kira hof, wanda suke zubawa da yawa. Yanzu na saba, har nakan saya in kai gida.

Amma ku san wani abu game da mutanen nan. Harkar ba ta daɗe ba. Sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida, Sierra Nevada ta buɗe a California a 1980, yau ƙananan masana'antun sun haura 9,000. To a nan Chicago akwai Goose Island, wadda 'yan kiraf suke ji da ita. A 2011 katafaren kamfanin giya Anheuser-Busch ya saye ta. Akwai abokin aikina da tun daga ranar ya daina taɓa ta. Na tambaye shi ko ɗanɗanon ya canza, ya ce shi ba ruwansa da ɗanɗano, kuɗinsa ne ba zai shiga aljihun manya ba. Na girmama ra'ayinsa, sai dai na ce masa to ya daina ce mana harshensa ne ya fi namu.

Kawu Iliya Kakuri:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi aiki a wani babban kamfanin giya a Kaduna har na yi ritaya, ɓangaren dafawa. Ɗan Rukuba, ka gaya wa ɗan yayarka ya zo ya same ni.

Lagar da yake kira ruwa ita ce ta fi kowace wuyar yi. Giya mai ɗaci da ƙamshi tana ɓoye aibinta, idan an ɗan kuskure hof zai rufe. Laga ba ta da mayafi. Ɗan zafi ya wuce ƙima a tanki, ko iska ta shiga wajen cika kwalba, mai sha zai ji. Kuma ana so kwalbar da aka buɗe a Makurdi ta zama daidai da wadda aka buɗe a Yola, bana da baɗi. Star tun 1949 ake yin ta, Gulder tun 1970. Mutum ya riƙe ɗanɗano ɗaya shekaru haka, a ce ba gwaninta ba ne?

Sannan ga abin da yaran yanzu ba su sani ba. A 1988, zamanin Babangida, gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir. Muka wayi gari babu abin dafawa sai dawa da masara. Dawa ba ta da ƙaiƙayin da sha'ir ke da shi, wanda shi ne ke zama matata idan an zo tace ruwan, don haka tacewa ta zama azaba, ruwa ya ƙi sauka, mu kwana a kansa. Garinta kuma sai an ba shi wuta fiye da na sha'ir kafin ya saki, ga shi zafin nan yana kashe sinadarin da ke mayar da gari sukari. Dole aka canza injinan tacewa, aka koyi raba dahuwa, aka shigo da sinadarin daga waje. Masu bincike na Samaru a Zariya suna da irin gajeriyar kaura, SK5912, ita ta taimake mu sosai. Yau ina ji ana yabon wani Bature a waje wai ya yi giya da hatsin Afirka. Mu mun yi ta da tankoki, babu wanda ya ɗauke mu hoto.

Na ɗanɗana kiraf ɗin, jikana ya kawo mini gwangwani. Tana da daɗi, ban ƙi ba. Kuɗinta ne ya fi ƙarfin ɗan fansho.

Bulus Chicago:
Kawu, ranka ya daɗe, maganarka dutse. Masu dafa kiraf ɗin da kansu, idan sun tashi aiki, laga mai sanyi suke nema. Masu raina ta yawanci 'yan kallo ne.

Alhaji Mai Dawa:
Salamu alaikum. Ni ba na sha, addinina ya hana, kuma ba zan ce wa kowa ya sha ba. Na shigo ne saboda Malam Iliya ya ambaci kaura. Hatsi nake saya a Dawanau. Dillalan kamfanoni idan sun zo ba kowace dawa suke ɗauka ba. Sai sun ɗebi ƙwaya sun jiƙa sun ga nawa za su tsiro, sun auna danshi, sun duba ƙwari. Wadda ta sha rana a kan kwalta ko ta daɗe a rumbu ba sa so. Da yawanmu muna tambayar inda kayan za su kafin mu sayar, domin tsiron dawa yana shiga lemon malt da abin shayi ma, ba giya kaɗai ba. Kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Na bar ku lafiya.

Ɗan Rukuba:
Mun gode Alhaji, Allah ya ba da kasuwa.

Rifkatu London:
Tawa gajeriya ce, amma za ta ba ku dariya. Maigidana yana da aboki Bature ɗan ƙungiyar CAMRA, masu kare giyar gargajiyar Ingila tun 1971. Mutumin nan ba ya taɓa giyar babban kamfani. Ran nan ya zo gidanmu da leda yana ta zumuɗi, wai ya samo wani abu na musamman a wani shago a Peckham. Ya buɗe, sai ga Guinness ta Najeriya. Ya zauna yana yi mana bayani: ƙarfin barasarta kashi 7.5 cikin ɗari ne, ta famfo a Dublin 4.2, da dawa ake yin ta, masana'antar Ikeja ta 1962 ita ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ireland da Birtaniya. Maigidana ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce masa a Kafanchan da ita ake cin naman kare. Giyar da ke kowane lungu a gida, ta haye teku ta zama ta 'yan gayu.

Maman Ladi:
Saratu 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da kakarki. Ni uwata burukutu ta dafa ta biya mana kuɗin makaranta, ni ma na taya ta har na yi aure. Bari in gaya wa masu kiraf yadda aikin yake.

Jar dawa za ki jiƙa ta kwana, ki tsane, ki shimfiɗa a ɗaka ki rufe da buhu ko ganye, kina yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da tsiro. Ki shanya ta bushe, a kai inji. Ki dama garin da ruwa ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman ki ajiye gefe, kada ki kuskura ki zubar, ƙarfin yana cikinsa. Kaurin na ƙasa shi za ki dafa, sannan ki mayar masa da ruwan nan. A bar shi ya kwana ya yi tsami. Washegari a sake hura wuta, dahuwa ta sa'o'i, hayaƙi na cin ido. Ya huce, ki zuba ɗan ragowar na jiya, da safe ki tarar yana tafasa shi kaɗai babu wuta. Malam Iliya, ka ga raba dahuwar da kuka koya a 1988, iyayenmu mata sun riga ku.

Kuma kowace mace da hannunta. Mashaya sun san na wance ya fi kauri, na wance ya fi tsami, su wuce gida uku su je na huɗu. Kafin ka saya sai an ɗiba maka ɗanɗano a ƙaramar ƙwarya kyauta. Da ɗana ya kai ni wurin 'yan kiraf a Abuja na ga ana ba da ɗanɗano a ƙaramin kofi, ana faɗin sunan wanda ya dafa, na ce yau ga gidan burukutu da fanka. Abin da ya ɓata mini rai ɗaya ne. Wata yarinya a teburinmu da ta ji sana'ar uwata sai ta yamutsa fuska, alhali kofin da ke hannunta ma gauraye yake ba a tace ba.

Amma in faɗi gaskiya, ba duka gidajen ke da tsabta ba, kuma masu zuba wa burukutu goskolo, wata haɗaɗɗiyar barasa mai ƙarfi, don ya yi saurin bugarwa sun ɓata mana suna a Jos. Wannan abin yana kashe samari.

Saratu ta Beljiyam:
Mama, wannan gaskiya ne. Kuma 'yan kiraf su ma su kula. Kwalbar Westvleteren 12 da sufaye ke dafawa a nan ƙarfin barasarta ya haura kashi 10, ninkin lagar gida. Mutum ya sha biyu yana lissafin biyu ya sha, alhali huɗu ne. Hanta ba ta san tsada ba, muna ganinsu a asibiti.

Braimah na Wa:
Gaisuwa daga Gana. A nan arewa maso yamma fito ne sarki, musamman wajen Dagaaba, a Nandom da Jirapa. Ya fi burukutu tsarki a ido domin ana tace shi. A Accra na sha kiraf, kuɗin kofi ɗaya zai shayar da benci guda a gidan fito. Abin da na lura, a can kowa na rungume da kofinsa yana shinshinawa yana duba waya. A gidan fito ba ka isa ka sha kai kaɗai ba, wanda ya shigo sai ka miƙa masa ƙwarya. Ranar zafi kuwa ni Club mai sanyi nake nema, ba na jin kunyar kowa.

Ɗan Marwa:
Mu a arewacin Kamaru bilbil muke ce masa, aikin ɗaya ne da na Mama. Ranar kasuwa bilbil, ƙarshen wata "33" Export. Kiraf ban taɓa gani a Marwa ba.

Bulus Chicago:
Mama, tambaya. Me zai hana a zuba burukutu a kwalba mai kyau a sa masa suna? A nan za a saye shi da daloli.

Maman Ladi:
Ɗana, burukutu rai gare shi. Yau daɗi, gobe tsami, jibi sai a ba aladu. Ka toshe shi a kwalba ka ga aiki.

Kawu Iliya Kakuri:
Gaskiyar Maman Ladi. Yis ɗin bai gama aiki ba lokacin da ake sha, iska na ta taruwa, kwalba za ta fashe. Idan ka dafa shi don ka kashe yis ɗin, ɗanɗanon ya tafi. A Zimbabwe da Zambiya akwai Chibuku, giyar dawa da masara mai kauri, kamfani ke yin ta. Kwalin takarda suke zuba ta, su bar 'yar kafa a sama don iska ta riƙa fita, kuma cikin 'yan kwanaki ake shanye ta. Bulus, in da gaske kake, fara tambayar kuɗin jirgin da zai kai kwali mai huda Chicago kafin jibi.