Wai dole ne babba mai sikila ya yi allurar rigakafi? Ku taimaka min da bayani

Baban Ilham:

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ma'aikatan asibiti da ke cikin nan ina neman ƙarin haske. Iyalina tana da sikila, SS ce, haihuwar 1998, jikin alhamdu lillahi da sauƙi sai dai in sanyi ya shigo yakan ɗan motsa. A kilinik likitan jini ya tambaye ta ko an taɓa mata allurar nimoniya da ta sanƙarau da ta ciwon hanta, ta ce ita dai ta san an mata na yara ga tabon nan ma a damtsenta, kati kuwa ba wanda ya san inda yake. Sai ya rubuto sunaye a takarda ya ce mu nemo, layi ya yi yawa ban samu damar yi masa tambaya sosai ba. Da maganar ta je kunnen Hajiyarmu ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an yi wa matar aure rigakafi ba in ba mai ciki ba, kuma mai irin wannan jikin a bar ta ta ji da abin da ke damunta kar a je a tayar mata da ciwon da yake kwance. Ni kuma na leƙa kemis da aka faɗa min kuɗin guda ɗaya kawai sai da na nemi benci na zauna. To dole ne? In dole ne wanne za a fara tunda duka lokaci guda ba zai yiwu ba? Sannan ita Hajiyar kanta tana da suga, ta haura sittin, kuma ta biya kujerar Makka bana, allurorin da ake wa alhazai ba za su taɓa ta ba?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam Baban Ilham, Allah ya ƙara wa maman Ilham lafiya. Likitan nan ya yi muku gata wallahi, da yawa ba sa ma tuna su tambaya.

Tushen maganar saifa ce. Saifa kamar rariya take, ita ke tace jini ta kama wasu ƙwayoyin cuta masu kauri a bayansu waɗanda sauran garkuwar jiki ke shan wahalar kamawa, manyan cikinsu uku ne, mai kawo nimoniya, mai kawo sanƙarau, da wanda ake kira Hib. Mai SS kuwa tun yana ƙarami jinin da ke lanƙwashewa yana toshe ƙananan hanyoyin saifar kaɗan kaɗan har ta daina aiki, mafi yawansu kafin su girma an wuce wurin, ko da hoto ya nuna tana nan to sunan dai tana nan ne. Shi ya sa zazzaɓin da ni da kai za mu sha magani mu miƙe, ita zai iya shiga jininta ya kwantar da ita cikin awoyi, sai a ce ai ciwonta ne ya tashi alhali ƙwayar cuta ce ta samu ƙofa a buɗe. Duk wanda aka cire wa saifa bayan haɗarin mota shi ma layinsu ɗaya.

Na yaran da ta ce an mata gaskiya ne, tabon BCG ne, amma duba shekarun. Allurar ciwon hanta sai 2004 ta shiga jadawalin yara a Najeriya, Penta mai ɗauke da Hib sai 2012, ta nimoniya wato PCV ƙarshen 2014 aka fara ta a wasu jihohi kafin ta game ƙasa. Wadda aka haifa 1998 duk ukun nan sun wuce ta, ba laifin iyayenta ba ne, babu su ne a lokacin. Ilham ɗinku in kun kammala mata nata ta fi mamanta kariya nesa ba kusa ba.

In ni ce ke riƙe da aljihun ga yadda zan yi. Ta nimoniya farko, dan a cikin cututtukan nan ita nimoniyar ce ta fi kisa a masu sikila. Ana fara PCV, bayan sati takwas ko fiye a bi ta da mai lamba 23, kar a juya tsarin, in kuma an dace da PCV20 ita kaɗai ta wadatar sai dai samunta a nan sai an tona. Sai ta sanƙarau mai harufa huɗu ACWY, wa marar saifa guda biyu ake yi da tazarar sati takwas sannan a riƙa sabuntawa duk shekara biyar, kuma ku yi ƙoƙari a gama ta kafin zafi ya kankama dan kun san lokacin da sanƙarau ke shigo mana. Ta ciwon hanta a fara gwaji tukuna, in ba ta da shi a yi uku, yau, bayan wata ɗaya, sai wata na shida, wannan ba ta da tsada sosai kuma mai karɓar ƙarin jini bai kamata ya zauna babu ita ba. Hib guda ɗaya ce tak a rayuwa ga babba.

Ka faɗa wa Hajiya duk waɗannan babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu, ba za su iya sa mata ciwon ba. Hannu zai yi tsami, jiki na iya ɗumi kwana ɗaya ko biyu, ta sha ruwa sosai da farasitamol. Kawai kar a yi ranar da take cikin ciwo ko zazzaɓi, a bari ta warware.

Ɗan Kurna:

Ni fa Malam shawarata ka bi maganar Hajiya, manya sun ga jiya. Kakanninmu wace allura suka yi? kuma mu mutanen Kano ba a ba mu labarin abin da Pfizer ta yi wa yaranmu a 1996 ba, a gabanmu aka yi, yanzu kuma kullum sabuwar allura kullum sabuwar allura, yau ta wannan gobe ta wancan, ita da take fama da kanta za ka je ka ƙara mata wani abu a jini. Ka riƙe mata folik asid ɗinta da addu'a kawai.

Anti Nas:

Ɗan Kurna abin 1996 ya faru kuma ba wanda zai ce maka kar ka ji haushi, ni ma ina ji. Amma ba rigakafi ba ne, magani ne mai suna Trovan aka gwada a kan yara kusan 200 da sanƙarau ya riga ya kwantar, har aka yi shari'a kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Abin da ya tara yaran a asibiti tun farko shi ne annobar sanƙarau ta shekarar wadda ta kashe dubban mutane a arewa, irin nau'in A, kuma tunda aka yi gangamin allurar sanƙarau ta MenAfriVac tsakanin 2011 da 2014 nau'in nan ya kusan ɓacewa. Kakanninmu kuwa masu sikila nawa ne a cikinsu suka kai aure? ai yawanci tun suna yara ake binne su a ce wabi ne.

Baban Ilham wannan ya tuna min, ko da matarka ta samu waccan allurar ta gangami, A kaɗai take karewa. Wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ne. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwa mai nau'i biyar Men5CV, an yi gangaminta kyauta wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a wuraren da cutar ta ɓulla kamar Jigawa da Yobe da Bauchi, to in irin wannan ya zo unguwarku tana cikin shekarun, ta fita ta karɓa amma ta karɓi kati ta nuna wa likitanta.

Na Maraɗi:

Sannunku da hira. Ni abu guda zan ƙara dan mu nan Nijar mun gani, a 2015 da sanƙarau ya yi ƙarfi a Yamai mutane suka yi ta rububin sayen allura a farmasi da ma wajen 'yan talla, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta fidda sanarwa cewa akwai jabu a kasuwa, kwalba da suna da komi kamar na gaske. Kuma ko ta gaske ce in ta kwana cikin zafi ko ta daskare ta zama ƙanƙara ta lalace, kuɗinka sun tafi kai kuma kana zaton ka karu. Dan haka kar ka bi araha, ka tambayi lokotoron da ya rubuta inda za a samu, in saye za ka yi ka ga an fiddo ta daga firij gabanka, ka sa ta cikin kula ka wuce kai tsaye inda za a yi mata, a rubuta suna da lambar kwalba da kwanan wata cikin karne.

Maman Walid:

Allah ya saka Anti Nas. Ba masu sikila kaɗai ba ne fa, mijina wankin ƙoda ake masa kuma kafin a ɗora shi a inji sai da aka masa gwajin hanta aka fara masa allurar, nasu ma ninki ake yi dan jikinsu ba ya saurin amsawa, bayan an gama da wata ɗaya zuwa biyu aka sake ɗibar jini a ga ko ta kama, in lambar ba ta kai 10 ba sakewa ake. Mu ma 'yan gidan aka ce duk mu yi. Sannan lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023 ai har manya ya kwantar, ni a awon ciki na samu Td, allurar tetanus da mashaƙo, amma mazanmu fa? su ba awo suke zuwa ba, sai ƙusa ta soke mutum a ruga kemis.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, wallahi yanzu na fahimci takardar nan. Anti saura maganar Hajiya, kuma in Allah ya kawo rabo maman Ilham ta samu ciki ana tsakiyar allurorin fa?

Anti Nas:

Maman Walid kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wadda ake wa mutum a kemis in ya ji ciwo sau da yawa ATS ce ta tetanus, ita aron kariya ce ta 'yan kwanaki ba rigakafi ba, Td ita ce ke koya wa jiki da kansa kuma ta haɗa har da mashaƙo. Babban da bai san ko an taɓa masa ba ya yi uku, ta biyu bayan wata ɗaya ta uku bayan wata shida, daga nan a riƙa tunawa da ita duk shekara goma.

Hajiya kuwa suga ba ya hana allurar alhazai, hasali ma mai suga yana cikin waɗanda aka fi so su yi ta nimoniya da ta mura kafin shiga cunkoson Mina. Ta sanƙarau ACWY Saudiyya ta wajabta ta ne bayan ɓarkewar nau'in W a hajjin 2000 da 2001, kuma sai ta kwana goma a jiki kafin a sauka, dan haka ranar da hukumar alhazai ta kira a je, kar a ba wani kati ya je ya bugo hatimi ta bayan fage kamar yadda wasu ke yi, kanka ka cuta ba Balarabe ba.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne allurar zazzaɓin shawara, ita tana da rai, an raunana ƙwayar ne kawai. In Hajiya ta taɓa yi ko shekara talatin da suka wuce ba sai ta sake ba, tun 2016 aka mai da katin na har abada, ku binciko tsohon yalo kad ɗinta. In kuma wannan ne karon farko kuma ta haura sittin, likita ya duba ta tukuna dan illar allurar ta fi fitowa a tsofaffi duk da ba kasafai ba. Waɗanda ba a yi musu kwata-kwata su ne mai shan maganin ciwon daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai shan firedinisolon da yawa na tsawon lokaci, da mai cuta mai karya garkuwar jiki da CD4 ɗinsa, wato ma'aunin ƙwayoyin garkuwa a jini, ya yi ƙasa da 200, irinsu takardar uzuri likita ke rubutawa a maimakon allurar. Matarka in tana shan maganin sikila haidiroksiyuriya ta faɗa kafin a mata duk wata mai rai.

Ciki kuma, masu rai irin ta ƙyanda da ta shawara ake ɗagawa sai an haihu, Td da ta mura da ta hanta ana yinsu da ciki lafiya lau, ta nimoniya da ta sanƙarau likitan awo da na jini su yanke tare. In an samu tsaiko a ta hanta ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Kuma ko ta gama duka kar ta ajiye Paludrine da gidan sauro dan allurar maleriya da aka fara ta ƙananan yara ce, sannan duk ranar da ma'auni ya nuna 38 ko sama ku tafi asibiti a daren, kar a jira gari ya waye.

Baban Ilham:

To madalla Anti. Ranar kilinik zan roƙi likitan ya rubuta mana kwanan watan kowacce a jikin takardar, gwajin hanta kuwa har ni zan yi. Yalo kad ɗin Hajiya ƙanwata ta ce ta taɓa ganinsa cikin jakar takardun marigayi, za ta duba yau da daddare.