Sikirin ɗin laftof ya fashe, batiri kuma ya gaji

Maman Hanifa, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Laftof ɗina HP ce, inci 15.6, a ciki nake rubuta aikin kammala karatuna na kwalejin fasaha ta Waziri Umaru. Daren jiya na rufe ta, ashe Hanifa ta bar biro a kan kibod. Gefen dama ya yi baƙi kamar an kifar da tawada, ga layuka har ƙasa. Wani mai gyara ya ce dubu 70. Batirin ma ko minti 40 ba ya kaiwa. In gyara ne, ko in sayar da ita haka?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kafin ki fitar da ko sisi, ki jona ta da talabijin da wayar HDMI. In hoto ya fito tas, injin lafiyarsa ƙalau, sikirin ne kaɗai. A wannan zaman ki kwashe aikinki a filas.

Injiniya, Jega: Ƙanwata, wannan tawadar fashewa ce, sai canji. Da a ce hoton ɗaukewa yake yi in kin motsa murfin, da mun zargi wayar da ta ratsa ta hinji, ita ba ta da tsada. Ki sa a kwance tsohon a gabanki, akwai lamba manne a bayansa, da ita ake sayo sabo. A bakin da ake jona wayarsa, akwai mai fil 30, akwai mai fil 40, wannan ba ya shiga gurbin wancan. Ki kuma tabbatar ko yawan ɗigon hoton naki 1366x768 ne ko 1920x1080, don akwai masu karɓar kuɗin babban su sa ƙaramin. A kunna a nuna miki fari zalla da baƙi zalla kafin a ɗaure nocina, a nan ɗigo ko tabo ke bayyana.

Malam na Zuru: Kayan nan daga Computer Village ta Ikeja ko Kano ake kawo su, farashinsu dala yake bi. Ki ji ta bakin mutum uku, har da na Sakkwato.

Maman Hanifa: Na jona, hoto ya fito, alhamdu lillahi. Injiniya, batirin fa?

Injiniya: Buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta umarni a Windows, ki rubuta powercfg /batteryreport. Zai ba ki takarda. Ki dubi Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yau. In na biyu ya gaza rabin na farko, ya gama aiki. Ki kuma ɗora ta a teburi ki duba ta gefe. In wurin da ake goga yatsa ya turo sama, ko ƙasanta ya buɗe baki, batirin ya kumbura, a cire shi yau, kada a danna shi ko a huda. Abin da ke cinye mana batiri a nan zafi ne. Watan Afrilu a ɗora laftof kan katifa, ramukan iska a toshe, caja a jone tun safe tana cike dam.

Baban Walid: Gaskiya ne. Tawa Lenovo ce, na kunna Conservation Mode a Lenovo Vantage don kada ta riƙa cika 100. Kuma cajar bogi da wutar janareto mai hawa da sauka suna lalata kaya.

Anti Larai, Argungu: Ni dai garanti nake so a taɓo. Da na sayi sabuwa, mai shagon ya ce in ƙara kuɗi a tsawaita shi zuwa shekara 3, na ƙara. Ranar da ta faɗo daga kan benci a ofis sikirin ya tsage, na koma da rasit. Ya ce fashewa ba ta ciki. Wallahi ranar na yi hawaye.

Injiniya: Sannu Anti. Garanti na yau da kullum lahanin kamfani kawai yake ɗauka, faɗuwa da zubar ruwa ba sa ciki. Sai wanda aka rubuta Accidental Damage a jiki, irin na Dell da Lenovo, ko AppleCare+ na Apple, wanda shi akwai abin da ake biya duk gyaran fashewa. Batiri kuwa yawanci shekara 1 ne nasa, ko an tsawaita na injin. Sannan a tambaya ina za a kai ta. In sai Legas ko Abuja, a lissafa kuɗin mota da makonnin zama ba kwamfuta. A sabuwa mai tsada yana da amfani. A ta hannu, gara a adana kuɗin don batiri.

Maman Hanifa: Na duba. Na farko 41,000, na biyu 17,000 da 'yan kai. Bai kumbura ba. Zan fara da sikirin tunda ina da wurin jona caja a makaranta, batiri sai ƙarshen wata. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko hoton lambar in turo, Injiniya ka duba mini.