Fili a bayan gari ko gidan haya a cikin unguwa?

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kano:

Assalamu alaikum. Shekara 11 ina aikin albashi, kuma da kuɗin adashi da rabon da na samu daga gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na tara abin da zai sayi ɗaya daga cikin abubuwa biyu. Wani dillali ya nuna mini filaye biyu na awon igiya, wato waɗanda ba gwamnati ce ta yanka su ba, a bayan Janguza, kan hanyar Gwarzo, wani kuma ya kai ni wani tsohon gida mai ɗaki huɗu a Ɗorayi wanda 'yan haya ke ciki yanzu haka, sai dai rufinsa yana yoyo, shaddarsa ma ta kusa cika. Hankalina ya fi kwanciya da gidan, domin ina son abin da zai riƙa ɗauke mini kuɗin makarantar yara duk shekara, amma yayana ya dage cewa fili ba ya neman gyara, ba ya kuma buga wa mutum waya da tsakar dare. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Amsar wani dattijo ɗan kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ina tare da yayanka, amma da sharaɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin siminti da rodi da kwano suka yi tashin gwauron zabi, wanda ya ajiye dukiyarsa a ƙasa ya fi mai gini samun barci. Sharaɗin shi ne takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma idan gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, a kan gini ko amfanin da ke wurin ake lissafin diyya. Saboda haka kada ka tsaya ga sa hannun mai unguwa kaɗai. Ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika ko wurin ya faɗa cikin shatar gwamnati, ka tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko za su ba da izinin gini a can. Idan kuma gonar gado aka yanka, ka tabbata kowane magaji ya amince, har matan da ke gidajen aurensu, domin na taɓa rasa fili sukutum a kan ƙanwar mai sayarwa da ba a shawarta ba.

Amsar wata Hajiya mai gidajen haya:

Alhaji, a yi mini afuwa, ban yarda gaba ɗaya ba. Da kuɗin haya na aurar da 'ya'yana biyu bayan rasuwar maigidana, abin da fili ba zai yi mini ba sai na rabu da shi. Malam, abin da zan gaya maka shi ne ka koma gidan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka tsaya a ƙofa ka ga inda kwata ke zubarwa, ka shafa bangon ɗakuna ka ji ko ya sha ruwa daga ƙasa. Ka ɗauki magini da kafinta su yi maka ƙiyasin gyara kafin a yi ciniki, sannan ka cire wannan daga farashin. Ka kuma ɗauka cewa hayar shekarar farko ta tafi ga gyara da la'adar dillali. Babbar fitinar gidan haɗaka ita ce wuta da ruwa. Ni sai da na sa wa kowane sashe mitarsa kafin rigimar kuɗin wuta ta mutu. Waɗanda ke ciki ma ka zauna da su, ka ga rasit ɗinsu, ka san wanda ya biya har zuwa wane wata, ku rubuta sabuwar yarjejeniya a gaban shaidu.

Amsar wani ɗalibin ilimi:

Akwai batun zakka da ya kamata ya shiga lissafinka. Gidan da aka ba haya ba a fitar da zakka a kan ƙimarsa, sai a kan kuɗin hayar idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Filin da aka saya da niyyar sayarwa kuwa kayan ciniki ne, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya ajiye kaya yana jiran farashi ya tashi yana fitar da zakkar shekara ɗaya ne a lokacin da ya sayar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da magini, za mu je Ɗorayi ranar Asabar, kuma na nemi mai gidan ya fito da takardunsa na asali mu gani.