Takarda ko Fili: Ina Ya Dace a Gwada Ɗalibin Injiniya?

Malamin firamare: Jama'a, famfon solar rijiyar burtsatsenmu ya tsaya, ga yaranmu masu karatun injiniya suna gida hutu, amma sai da aka ɗauko mai gyara daga Haɗeja. Ni dai na ce jarrabawar takarda ba ta auna injiniya. A kai yaro fili, a nuna masa abin da ya lalace, a ba shi maki a kan abin da hannunsa ya yi.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, kada a yi mana kuɗin goro. Muna shiga ɗakin gwaji, kuma akwai SIWES, wata shida a wurin aiki kafin shekarar ƙarshe.

Malamin firamare: SIWES ɗin da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shi tun 1973, niyyarsa mai kyau ce. Amma ka faɗi gaskiya, ɗalibai nawa ne ke zaman benci a ofis, ƙarshen wata a buga musu hatimi a littafin rahoto?

Mai gyara: Bari in faɗi abin da na tarar. Ƙurar hunturu ta rufe farantan solar, wannan ƙaramin abu ne, ruwa da tsumma ya isa. Babbar matsalar, famfon ya fi ƙarfin rijiyar. Kafin azahar ya zuƙe ruwan, ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Na canza shi, amma in ba a rage ƙarfinsa ba, haka za a sake.

Injiniya: To kun ji. Baba mai gyara ya gano ciwon da hannu, amma asalin kuskuren na lissafi ne, kuma a aji ake koyar da shi. Wanda ya saka famfon bai gwada yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa a awa ɗaya ba. Saboda haka ban yarda a jefar da takarda ba, Malam. Tambayar ce za a sauya. A daina cewa yaro ya rubuto ma'anar kaza. A ba shi zurfin ruwa, tsayin tanki, tsawon bututu da yawan ruwan da gari ke sha a rana, ya fitar da girman famfo da adadin faranti. Sannan ya ɗauki mita ya je ya auna, ya dawo ya bayyana wa malamai dalilin da lissafinsa ya saɓa da abin da ya gani. Ko COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya, da ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washinton ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, abin da ɗalibi ya iya aikatawa take nema a nuna mata.

Kuma wurin gwaji ba ya mana wuya. Magudanan Kadawa da ruwan Tiga ke bi, da na Auyo da ciyawar kacala ke toshewa, duk ajujuwa ne. Ɗaliban jami'ar Wudil da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Kazaure ba su yi nisa da irin waɗannan ba.

Yayar ɗalibi: Injiniya, ni tsorona son kai. Takarda in an zalunci yaro, ana iya ɗauko ta a sake dubawa. A fili kuwa, malami ya ce wane ya fi ƙoƙari, wa zai musa? Kuma in aikin rukuni ne, mutum biyu ke wahala, sauran su ci bulus.

Injiniya: Gaskiyarki, Hajiya. Maganinsa a rubuta ma'aunin maki tun farko, a yi wa kowane ɗalibi tambayar baki shi kaɗai, a gayyato wani daga waje ya zauna.

Yayar ɗalibi: Kuɗin mota da kayan awo fa? In a kan iyaye za a ɗora, ɗan talaka ya faɗi tun kafin a fara.

Ɗalibi: Wannan kam Yaya ta faɗa. Ko kuɗin aikin kammalawa da ƙyar wasunmu ke haɗawa.