Ɗana SS ne amma takardar mijina ta ce AA, dan Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata uku da aure, ɗana ɗaya wata tara, sati biyu da suka wuce hannunsa da ƙafarsa suka kumbura yana ta kuka dare da rana ko nono baya kamawa, muka kai shi asibiti aka yi gwaji aka ce sikila ce, SS. Ni dama nasan AS ce tun ina makaranta shi yasa kafin aure na dage sai mijina ya yi gwaji, ya kawo takarda an rubuta AA. Yanzu Hajiyarsa na cewa su a zuri'arsu babu mai wannan ciwon daga gidanmu na kwaso, jiya kuma ƙanwarsa ta yar min da maganar da har yanzu ban iya bacci ba, wai AA baya haifar SS to a bincika. Wallahi ban taɓa sanin wani namiji ba bayan shi. Shi kuma ya daina min magana sai gaisuwa. Me zan yi?

Maman Ilham: Innalillahi, Allah ya ba yaro lafiya. 'Yar uwa ki share hawayenki ki ce ya sake gwajin, ni kaina sau biyu ana rubuta min AA a ƙananan wuraren gwaji sai da na je awon ciki a babban asibiti aka ce AS ce.

Anti Nas: Ƙanwata saurare ni da kyau, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɓangaren yara. Kowane ɗan Adam haruffan jinin nan, wato A ko S, guda biyu yake gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, to yaro ba zai zama SS daga gefe ɗaya ba, ke kin ba shi S ɗaya, ɗayan dole daga babansa ya zo. Maganar Hajiya cewa babu a zuri'arsu ba hujja bace saboda mai AS lafiyarsa lau yake yawo, sai S ɗin ya yi ta bin jini kaka da kakanni ba a sani ba sai ranar da ya haɗu da irinsa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi. Ita kuma takardar, ko dai an yi kuskure a wurin gwajin, ko an musanya jini, ko kuma akwai wani abu da ake kira bita talasemiya, mai ɗauke da shi a gwajin da aka saba sai ya fito kamar AA, amma idan ya haɗu da S ɗinki yaron zai yi ciwon sikila kuma sakamakonsa ya yi kama da SS. Ku je asibitin koyarwa ku uku, ku nemi gwajin HPLC, shi ne yake rarrabewa. Kuma ki faɗa musu in an taɓa ƙara wa yaron jini kwanan nan domin yana rikita sakamako.

Abu Sudais: Ni namiji ne amma zan faɗi gaskiya, akwai masu sayen takarda idan sun ga auren zai fasu. Ban ce mijinki ya yi ba. Shi yasa na ji daɗin dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta gwaji kafin aure, amma ko da doka ku tafi tare a ɗebi jinin a gabanku.

Ummu Yasir: To ai tunda an samu SS ɗaya ukun da za su biyo baya lafiya ƙalau za su zo, haka naji.

Anti Nas: A'a Ummu Yasir dan Allah kar ki yaɗa wannan. Idan AS da AS ne kowane ciki lissafinsa daban, kashi 25 cikin ɗari SS, 50 AS, 25 AA, na ga uwa mai 'ya'ya uku a jere duk SS na kuma ga mai biyar babu ko ɗaya. Ke kuma mai tambaya kar rigimar gida ta ɗauke miki hankali daga yaron, kumburin nan yakan fara ne bayan wata shida lokacin da jinin jarirai da yake kare shi ya fara raguwa. Ki yi masa rajista a asibitin masu sikila, gidan sauro kullum, ruwa sosai, kar sanyi ya dake shi, rigakafi kar ki tsallake ko ɗaya, zazzaɓi kuma ko cikin dare ne ki tafi asibiti kar ki tsaya kyamis. Ki tambayi likita batun magungunan folik asid da haidiroksiyuriya.

Hajiya Babba: 'Yata kada ki yi cacar baki da uwar mijinki. Ki sami Baffanki ko wanda ya yi miki walicci ya zauna da mijin, zargin da ƙanwarsa ta yi ba ƙaramin abu bane a addini, manya ya kamata su tsawatar.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka da alheri. Na tura masa bayanin Anti Nas ya karanta, ya daɗe shiru sannan yace shi ma a wani ɗan shago kusa da kasuwa aka yi masa gwajin cikin minti goma. Ya yarda ranar Litinin mu je mu uku. Anti Nas sai an yi azumi kafin a ɗebi jinin ko zan iya ba yaron nono?

Anti Nas: Ba a azumi, ki ba shi abinsa. Ki tafi da tsohuwar takardar mijin da ta yaron duka.